Laftof ɗinka ta mutu? Cire rumbun tukuna, gyara ya biyo baya

1/
Zaren nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. Saura sati uku in yi difens na furojet laftof ɗina ta gem ta yi ɗif. Na yi asarar kuɗi, na kuma kusa yin asarar aikin wata bakwai. Kuɗin sun tafi, aikin ya tsira, kuma wallahi ba wayona ne ya tsirar da shi ba. 🧵

2/
Ga ra'ayina tun da wuri, don kar wani ya karanta rabi ya fara faɗa da ni a kwament. Idan kwamfuta ta mutu, matsala biyu ce a gabanka. Akwai ƙarfen, akwai abin da ke cikinsa. Ƙarfe kuɗi ne maganinsa, bana ko baɗi. Abin da ke ciki kuwa babu kasuwar da ake sayar da shi. Mu sai mu haɗa su wuri ɗaya mu ruga wajen mai gyara hankali a tashe, a nan ake cin mu.

3/
Zanen gine-gine nake karantawa, ajin ƙarshe. Duk wanda ya san AutoCAD da Revit da Lumion ya san ƙaramar kwamfuta ba ta ɗaukarsu. Da wannan hujjar na shawo kan Baba, ya haɗa kuɗi da Yayana aka sayo min ta hannu mai girafik. Da rana renda, da dare FIFA da Call of Duty. Kashi nawa ne karatu, kashi nawa ne gem, don Allah kar wanda ya tambaye ni.

4/
Gaskiya ta yi ta ba ni alama. Fanka tana ƙara kamar injin markaɗe. Saman kibod da zafi har ba ka iya barin yatsa a kai. Wani lokaci ana tsakiyar wasa sai wasu ƙananan murabba'ai kore-kore su fito a sikirin su ɓace. Ni kuma a kan katifa nake ɗora ta, daidai inda take shaƙar iska, kuma hunturu biyu ya wuce ban taɓa sa an buɗe ta an kaɗe ƙura ba. Laifin nan nawa ne, ban ɗora wa kowa ba.

5/
Daren Talata na saka renda na shiga wanka. Na fito na tarar hoton ya daskare da wasu layuka, sai baƙi. Na kashe na kunna. Fitilar kibod tana kamawa, fanka tana juyawa, sikirin shiru. Na sake. Na sake. Abokin ɗakina yana ta cewa "bar ta ta huce", ni kuwa gumi ya riga ya karyo min, don na tuna rabon da in kwafi furojet ɗin a wani wuri tun babi na biyu.

6/
Akwai abubuwan da za ka iya gwadawa a ɗaki ba tare da ka ɓata komai ba. Cire caja ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30. Jona ta da talabijin ta HDMI, in hoto ya fito to sikirin ne ko wayarsa, ka yi hamdala. Aro caja mai ƙarfi daidai da taka, don irin waɗannan wat 180 ko 230 suke sha, 'yar caja mai wat 65 ba za ta gamsar da su ba. In ka iya buɗewa, zare RAM ka mayar. Duk na yi. Ko gezau.

7/
Sai dai in ruwa ko shayi ne ya zube a ciki, ka manta da duk wannan, kar ka kunna ta kwata-kwata. Kunnawar ce ke ƙona bod. Tura ta cikin buhun shinkafa kuma ba ya cire tsatsar da ta fara ci a ciki. Haka in ka ga bayanta ya kumbura ko wurin linzami ya ɗago, batir ne ya kumbura, kuma irinsa yana iya kamawa da wuta. Kar ka danna shi, kar ka soke shi.

8/
Washegari na sungume ta sai kasuwa. Shagon farko da na shiga, mutumin ko noti ɗaya bai kwance ba ya ce: "Windows ce ta karye, sai an yi mata fomatin. Rubuta min fasiwod ɗinka a nan, ka dawo jibi."
Na ce: "Oga, aikina fa da ke ciki?"
Ya ce: "Haba ɗalibi, in Allah ya yarda ba abin da zai same shi."
Har na ɗauki biro.

9/
Abin da ya cece ni, kuɗin hannuna ba su kai ba, sai na kira wata 'yar ajinmu in ranta. Da ta ji bayani sai ta ce: "Tsaya. Kwamfutar da ba ta nuna hoto ta ina zai ga abin da zai yi wa fomatin? Kar ka kuskura ka bar ta da SSD a ciki. Ce masa ya kwance ya ba ka a hannunka, sannan ya duba sauran." Na yi tsaye a bakin shago ina jin kunyar kaina. Duk gem ɗin da nake bugawa ban taɓa tunanin wannan ba.

10/
Ga waɗanda ba su taɓa gani ba: duk fayil ɗinka, hotuna, furojet, har Windows ɗin kanta, suna cikin wani ɗan abu guda, rumbun ajiya. A laftof na zamani SSD ne nau'in M.2, yawanci faɗinsa milimita 22, tsawonsa 80, shi ya sa za ka ga an rubuta 2280. Noti ɗaya tal ke riƙe da shi. Tsofaffi kuma suna da had disk mai inci 2.5, wasu laftof na gem ma suna da duka biyun. Ka duba da kyau kar ka cire ɗaya ka bar ɗaya.

11/
A mafi yawan lokuta in bod ya mutu, rumbun yana nan lafiya lau. Abin da ya rasa kawai shi ne inda zai zauna a karanta shi. Sai ka sayi kesin, ɗan gidan da ake zura shi ciki ya koma kamar filash, ka jona a kwamfutar abokinka. Kuɗin kesin bai kai kuɗin da na kashe a suya da lemo a zangon karatu ɗaya ba.

12/
A kula wajen sayen kesin. M.2 iri biyu ne, NVMe da SATA. A ido sun yi kama, amma yarensu daban. In ka saka NVMe a kesin ɗin SATA ba zai nuna komai ba, ka zauna kana kuka kana cewa rumbu ya mutu alhali lafiyarsa ƙalau. Karanta takardar da ke manne a jikinsa, ko ka je da shi shagon a gwada a gabanka. Akwai kesin mai karɓar duka biyun.

13/
Inda dabarar nan ba ta ci: MacBook na shekarun nan da wasu siraran laftof, rumbunsu a narke yake a jikin bod, ba ya ciruwa. Sai kuma wasu manyan laftof na gem da ake haɗa SSD biyu su yi aiki kamar ɗaya, abin da ake kira RAID 0. Kowane fayil rabe yake tsakaninsu, guda ɗaya a kesin ba zai ba ka komai ba. In naka irin wannan ne, nemi wanda ya san aikin, kar ka yi gwaji da furojet ɗinka.

14/
In da kanka za ka cire: kashe ta, zare caja, buɗe baya, fara zare wayar batir kafin ka taɓa komai. Sannan ka taɓa ƙarfen ƙofa ko na taga tukuna. Wannan tas-tas ɗin da kake ji a hannu da hunturu in ka taɓa mutum ko mota, shi ɗin dai yana iya kashe ƙaramin cif.

15/
Na dawo ɗaki da SSD ɗina a aljihu kamar wanda ya ɗauko zinare. Na jona a laftof ɗin abokin ɗakina. Ya nuna! Amma da hoton ɗan kwaɗo a jikinsa. Na danna, sai ga saƙo wai in shigar da mabuɗin BitLocker. Lamba 48. Ni da ban taɓa kunna wani BitLocker ba a rayuwata.

16/
Ashe ba sai ka kunna ba. A kwamfutoci da yawa, da zarar an shiga Windows da akawun ɗin Microsoft sai ta kulle rumbun da kanta, ta ajiye mabuɗin a wannan akawun. Daga Windows 11 samfurin 24H2 ma aka ƙara faɗaɗa abin ya shafi ƙarin kwamfutoci. Kullum tana buɗewa ba ka sani ba, saboda akwai wani sashe a bod mai suna TPM da ke riƙe da sirrin. Ka raba rumbun da bod ɗinsa, sai ya ce bai san ka ba.

17/
Kuma a nan babu wani "injiniya" da zai fasa maka. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi yana da manhajar karya BitLocker, kuɗinka yake so. Kamfanin Microsoft da kansa ya ce ba zai iya ƙirƙiro maka mabuɗin da ya ɓace ba. Ko dai yana cikin akawun ɗin da aka fara shiga da shi, ko an buga shi a takarda, ko an ajiye a filash. In imel ɗin makaranta ko na ofis aka yi amfani da shi, yana wajen masu kula da kwamfutocinsu.

18/
Na shiga akawun ɗina, wayam. Sai na tuna ranar da aka sayo ta Yaya ne ya saita ta da imel ɗinsa. Ƙarfe sha ɗaya na dare na kira shi.
"Yaya, don girman Allah ka tuna fasiwod ɗin tsohon Outlook ɗinka?"
"Kai, a wannan daren? Wane Outlook kuma?"
Bai tuna ba. Aka ce za a tura lamba zuwa wani tsohon layinsa. Layin yana cikin ƙaramar wayar da matarsa ke amfani da ita. Da ya yar da layin nan, da yanzu wani labarin nake ba ku.

19/
Ya karanto min lambobin nan shida-shida har sau takwas, ina rubutawa a bayan takardar jarrabawa hannuna yana rawa. Na danna. Folda ta buɗe. Ban san lokacin da na yi kabbara ba, har maƙwabtan ɗaki suka leƙo.

20/
Don haka ka ajiye zaren nan minti biyu. Shiga akawun ɗinka na Microsoft, sashen na'urori, ka nemi mabuɗin BitLocker. In yana nan ka rubuta shi a takarda ka saka cikin fayil ɗin takardun makarantarka. In ta hannu ka saya kuma mai shago ne ya saita maka, ka bincika da akawun ɗin wa aka shiga. Mutane da yawa suna yawo da kwamfutar da mabuɗinta ke hannun wani da ba za su sake gani ba.

21/
Wasu za su ce to a kashe BitLocker ɗin mana a huta. Ban yarda ba, ga dalili. In babu shi, fasiwod ɗin da kake sakawa a Windows ado ne kawai. Duk wanda ya cire rumbunka ya saka a kesin, kamar yadda na yi, zai ga komai. Ɓarawon da ya sace ta a hostal ma haka. Kullewar tana da amfani, rashin sanin inda mabuɗi yake ne matsalar.

22/
Wannan ya kawo ni kan maganar ba mai gyara fasiwod. A ƙarshen 2021 wasu masu bincike a Jami'ar Guelph ta Kanada suka riƙa kai laftof shagunan gyara da 'yar matsalar sauti da suka haddasa da gangan, bayan sun ɓoye manhajar da ke rubuta duk abin da aka taɓa. Suka samu wasu masu gyaran sun buɗe hotunan sirri, wasu har da kwafa, wasu kuma sun yi ƙoƙarin goge sawunsu. Gyaran sauti fa.

23/
Ban ce duk masu gyara haka suke ba, akwai masu tsoron Allah da yawa. Amma 'yan uwana mata musamman, kun fi ni sanin abin da hoto ɗaya ke jawowa a garuruwanmu in ya fita, ko da ba na komai ba ne, ko da ɗankwali ne kawai babu. Gyaran sikirin, fanka, batir, bakin caji, babu wanda ke buƙatar rumbunki. Mai gyara na gaske yana da nasa na gwaji. In ya dage sai da naki, ki tsaya a kansa ko ki canza shago.

24/
Da rumbu ya buɗe kar ka tsaya kallon tsofaffin hotuna. Fara kwafe abin da in ya ɓace za ka yi kuka: furojet, takardu, hotunan gida. Fina-finai da gem su jira, ana sake saukewa. Duba Desktop, Documents, Downloads a cikin foldar Users. 'Yan Revit da AutoCAD ku haɗa da fayilolin nan masu 0001 a suna da masu ƙarewa da bak, tsofaffin kwafi ne da manhajar ke ajiyewa, wata rana su ne za su fitar da ku.

25/
Abin da ba ya bin ka: manhajoji sai an sake girkawa, kwafe foldarsu ba ya aiki. Fasiwod ɗin da Chrome ya adana a ɗaure suke da wancan Windows ɗin, sai in dama kana haɗe da akawun ɗin Google. Inda ka tsaya a gem kuma, wasu Steam yana ajiye musu a intanet, wasu suna cikin Documents ko ɓoyayyiyar foldar AppData. Na ceto nawa. Eh, bayan furojet. Kusan.

26/
In kuma rumbun ne da kansa ba shi da lafiya, lissafi ya canza. Had disk mai ƙara ƙyas-ƙyas-ƙyas, kashe shi nan take, duk juyawar da ya ƙara yi yana iya kankare faifan da bayananka ke kai. Kar ka saka shi a firiza kamar yadda wasu bidiyoyi ke cewa. Wanda ke buɗewa yana ɗaukewa kuma, masu sani suna fara kwafe shi ɗungurungum zuwa wani rumbun da manhaja irin ddrescue, sannan su yi tono a kan kwafin.

27/
Sai batun fomatin da aka so yi min. A tsohon had disk in an goge fayil, yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansa, shi ya sa Recuva ko PhotoRec kan dawo da shi. SSD ba haka yake ba. Akwai umarnin da ake kira TRIM, Windows na gaya wa rumbu wuraren da aka goge, shi kuma ya share su da gaske cikin ɗan lokaci. Wannan "in Allah ya yarda ba abin da zai same shi" da na karɓa, da wata bakwai sun tafi ba dawowa.

28/
To aiki ya tsira, na kwafe shi wuri uku. Sai yanzu maganar ƙarfe, kuma ku ga bambanci: yanzu ina iya ciniki, ina iya cewa a'a, ina iya tafiya in dawo. Wanda furojet ɗinsa ke cikin kwamfutar da ke kan teburin mai gyara duk farashin da aka faɗa masa zai ce to.

29/
Duk da haka sai da na yi wauta. Wani ya ce girafik ne ya ɗaga, zai "gasa" shi da bulowa ya zauna. Na biya. Ta kawo hoto, na yi ta murna har na saka a sitatus. Kwana tara ta sake mutuwa. Na koma, ya ce a sake gasawa, rabin kuɗi. A nan na farka.

30/
Wannan gashin tsohuwar dabara ce. 'Yan gem na da sun san jan zoben Xbox 360, matsalar da ta sa a 2007 kamfanin Microsoft ya ƙara garanti zuwa shekara uku ya ware sama da dala biliyan 1. Lokacin mutane har tawul suke naɗe na'urar da shi ta yi zafi ta farfaɗo. Takan farfaɗo ɗin, na ɗan lokaci. Zafi yana motsa haɗin da ya tsage ya taɓa juna, in ta yi zafi ta huce sau da yawa sai ya sake buɗewa. Sau da yawa ma tsagewar a cikin cif ɗin take, inda bulowa ba ta gyarawa.

31/
Amfanin gashi ɗaya ne a wurina: in rumbunka a narke yake a bod kuma kana buƙatar ta tashi na awa biyu ka kwashe kayanka. Ban da wannan, kuɗin haya kake biya. Mafi muni, wasu haka suke yi wa matacciyar laftof su sayar maka a matsayin tokumbo mai lafiya.

32/
Mai gyara na uku dattijo ne, shagonsa ko allon suna babu. Ya tambaye ni yadda abin ya fara, ya kwance, ya ɗauko mita yana aunawa wuri-wuri kusan minti arba'in. Sannan ya ce: "Ɗana, wutar da ke zuwa girafik lafiya take. Cif ɗin ne. Zan iya karɓar kuɗinka, amma ba zan iya yi maka alkawari ba." Kuɗin dubawa kawai ya karɓa. Ya kuma nuna min abin da ya ciro daga bakin fanka, wani dunƙulen ƙura kamar auduga.

33/
Daga shi na fahimci "bod ya mutu" ba magana ɗaya ba ce. Wani lokaci ɗan kafasita ne ya yi shot, ko wani ƙaramin sashe a hanyar caji ya ƙone, ko BIOS ya rikice. Waɗannan ana gyarawa su zauna shekaru. Shi ya sa nake faɗa da masu cewa "in ta mutu kawai ka jefar ka sayi sabuwa". Da kuɗin wa? Tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga ƙasa da 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma duk laftof da dala ake shigo da ita.

34/
Matsayata ke nan. Sikirin, kibod, fanka, batir, bakin caji, maƙalin murfi, RAM, SSD: a gyara, ba tare da dogon tunani ba. Ƙaramin sashe a bod wanda mai gyara ya auna ya nuna maka: a gyara. Amma in babban cif ne, girafik ko furosesa, a laftof duka a narke suke a jikin bod, ba kamar ta tebur ba da za ka zare kati ka saka wani. A nan ni na ce a haƙura.

35/
Za a ce a canza bod gaba ɗaya mana. Na yi lissafin. Bod ɗin da za a samo yawanci daga jikin wata tsohuwar aka ciro shi, sa'ar tawa, ta sha irin zafin da tawa ta sha. Sai lambarsa ta dace daidai, sai an jira makonni in daga Chaina za a turo, garanti kuwa na baki ne. Farashin da aka faɗa min ya haura rabin kuɗin wata ta hannu mai aiki. In gyaran bod ya kai nan, ni dai ba na shiga.

36/
Abin da ba a cika gaya mana ba: matacciyar laftof ta gem ba shara ba ce. RAM, caja, kibod, fankoki, batir, sikirin, kowanne yana da mai nema. In ka sayar da ita ɗungurungum a matsayin "kondem" za a ba ka abin da bai taka kara ya karya ba, mai sayen ya kwance ya ci riba ninki. Ka kwance da kanka. SSD kuwa ka riƙe abinka, kar ka taɓa haɗawa da shi.

37/
In za ka sayi wata ta hannu, kar hasken kibod mai launi ya ruɗe ka. Zauna a shagon ka sa ta aiki mai nauyi na rabin awa, ka buɗe HWiNFO kana kallon zafinta. CrystalDiskInfo zai nuna maka awa nawa rumbun ya yi yana aiki. Umarnin powercfg /batteryreport zai nuna abin da ya rage a batir. Mai shagon da ya hana ka gwadawa ya riga ya ba ka amsa.

38/
Sannan suna ɗaya ba ƙarfi ɗaya ba. RTX 3060 na laftof akwai wanda aka ba wat 60, akwai mai 115, kuma takardar da ke manne a jiki iri ɗaya ce. Ka tambayi wat. Ka kuma tuna 14 ga Oktoba 2025 ce ranar da Microsoft ya tsayar ta daina tallafa wa Windows 10, kuma Windows 11 a hukumance daga Intel ƙarni na 8 take farawa. Arhar ƙarni na 6 ko na 7 tana da dalili.

39/
Ni dai ƙarama na saya, irin ta ofis, babu girafik. Na zura tsohon SSD ɗina a kesin ya zama wurin ajiya. Zane tana yi a hankali, renda kuma na roƙi wani ɗan ajinmu ina yi a tasa da dare ina saya masa indomi da ƙwai. Gem? Na koma kallon wasu suna bugawa. Yana min ciwo, ba zan ɓoye ba.

40/
Wani zai ce duk wannan dogon zaren bakof ne maganinsa. Gaskiya ne, kuma na sani tun kafin ta mutu. Hujjata ita ce data tsada. Da na duba, foldar furojet ɗin in an cire hotunan renda ba ta kai 2GB ba. Google Drive 15GB yake bayarwa kyauta, OneDrive 5GB, Telegram ma yana karɓar fayil har 2GB ka tura wa kanka. Datar da na ƙona wajen sabunta Call of Duty sau ɗaya ta ninka wannan sau da yawa.

41/
Kuma raba rumbu gida biyu ka ajiye kaya a D ba bakof ba ne, abu ɗaya ne in ya tafi sun tafi tare. Filash ɗin bakin titi mai rubutun 1TB a farashin katin waya shi ma ba bakof ba ne, na jabu ne, zai nuna ya karɓa alhali yana taka tsohon fayil da sabo. Gwada shi da H2testw kafin ka ba shi amana.

42/
Sai da na gama difens na gaya wa Baba. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Karatun ne ya ƙona ta, ko ƙwallon nan da nake jin kuna ihu a kanta in ka zo hutu?" Na ce zafi ne da ƙura, Baba. Ya ce: "To." Wannan "to" ɗin har yau ban gama fassara shi ba.

43/
Masu tambaya ta DM wane shago ne na farko da na biyu, ba zan faɗa ba, ku yi haƙuri. RAM da caja an riga an saya. Sikirin ɗin yana nan, inci 15.6, 144Hz, babu tabo ko ɗaya. Mai so ya turo lambar da ke bayan nasa mu duba ko sun dace.